Yatsa Guda a Hanyar Paipa

Shekara arba'in da ɗaya ina kai madara Paipa,
garwa biyu a baya, ɗaya a gaba.
Kekena baƙi ne, ƙarfe zalla, ya girmi 'yata ta fari.
Na san hanyar nan kamar yunwar cikina,
na kuma san masu gaisuwa a kanta.

Ubana Arcadio ya koya mini, ba a zaune ba, a kan sirdi.
Mai gangara shi ke fara gaisuwa,
don tudu ne ke tuƙa shi, numfashinsa na aljihu.
Mai hawa kuwa ba a bin sa bashin magana.
Ya ɗaga haɓa, ya wadatar.
Ya ɗaga yatsa guda daga kan ƙarfe, ya yi kyauta.
In za ka wuce mutum, kada ka wuce shi kamar ɓarawo,
yi tari, taɓa ƙararrawa,
ce masa sannu, saura ƙiris,
ko da ku biyun kun san ƙarya ce.
In ka ga keke kwance a ciyawa, taya na kallon sama,
ba a tambaya daga nesa. Sauka ake yi.

Hermencia mai ƙwai ba ta sakin hannu,
gira take ɗaga mini, na yafe mata.
Limamin coci yakan saki hannu biyu
har ya kusa faɗawa gonar dankali.
'Yan Lahadi masu matsattsun riguna kamar fatar kwaɗo,
su ashirin a jere, ɗaya ya gaishe ka a madadin saura.
Ban so ba, amma na karɓa.

Sai wani yaro.
Jar riga, keke mara nauyi kamar sillen kara,
kullum da sassafe a kwanar itatuwan turare,
ni ina gangarowa, shi yana hawa.
In ce barka da asuba. Shiru.
In buga ƙararrawa. Shiru.
Kwana sittin na ƙirga, ina tara su a maƙoshi,
har matata ta ce madarar ma za ta yi tsami.

Ran wata Talata ruwa ya sauko da ƙanƙara.
Na tarar da shi a gefen kwalta, tayar baya ta sace,
haƙora na kaɗawa, yatsu sun ƙi lanƙwasa.
Zuciya ta ce wuce abinka.
Ƙafa ta riga ta taka ƙasa,
ita dama ba ta shawara da ni.

Na ciro faci da gam daga ƙarƙashin mayafin ulu,
na gutsura masa mazarƙwaila.
Ban ce uffan ba sai da iska ta shiga taya.
Sannan na ce, yaro, a gidanku ba a gaisuwa?

Ya daina tauna.
Ya ce, Baba Nemesio, ai kullum ina ɗaga maka.
Ya nuna mini ɗan alin hagu, yana rawa don sanyi.
A nan hawan ya fi ciwo, bakina bai da abin bayarwa.
Na zaci kana gani.

Ta hagu yake wuce ni.
Idon da yana ta rufe tun bara,
wanda na ƙi kai wa likita a Tunja.
Kwana sittin yaro na biyan bashinsa
ina rubuta masa bai biya ba.

Sunansa Yeferson, kakarsa ce ta rene shi.

Yanzu in na iso kwanar nan
sai in karkata kai gaba ɗaya, kamar kaza ta hangi shaho,
garwa na rawa a baya, madara na ɗan zuba.
Jiya na gan shi, yatsan.
Ɗan ƙarami ne. Ya tashi, ya koma kan birki,
yaron ya wuce yana haki.